Ƙafar Zuhur, Hannun Ba Allal

Ƙurajen sun fito wa Zuhur tana da wata bakwai. Ƙanana ne kamar ƙwayar gero, kowanne da ɗan ruwa a kansa. Ba su taɓa cikinta ba, ba su taɓa fuskarta ba. Tafin hannu da tafin ƙafa kawai suka zaɓa. Yarinya ta dinga murza ƙafa da ƙafa kamar mai son kunna wuta, tana tsala ihu, har mutanen lungun suka haddace muryarta.

Mutum ɗaya ne a gidan yake iya sa ta yi shiru: kakanta, wanda ake kira Ba Allal, wato Baba Allal. Shekara arba'in da shida ya yi tsaye cikin ramukan majemar birnin Fas, hannunsa kuwa bai ɓoye ba. Tafin ya yi kaushi kamar bayan kada, faratan sun rine, babu sabulun da ya taɓa cin galaba a kansu. Sai ya ɗora jikar a cinya, ya buɗe mata tafin nan. Ita kuwa ta kafa ƙafafunta a ciki, ta yi ta gogawa, ta lumshe ido kamar kyanwa a rana.

"Goga, Lalla, goga," in ji shi. "Fatar bijimi ma ta bi ta hannun nan ta yi laushi, balle taki."

Lalla, wato uwargida, yake ce mata, don sunan marigayiya matarsa aka sa mata, shi kuwa bai taɓa kiran sunan nan gatsau ba.

Uwar yarinyar, Kanza, ta ɗauki hoton ƙafar a waya ta kai kantin magani. Mai kantin ya ware hoton da yatsa biyu, ya ɗaga gira, ya ce ƙazuwa ce. Ya ba da man shafawa, ya ce a shafa wa kowa, a tafasa kaya. Ya ƙara da cewa ba ta faɗowa daga sama, wurin wani ake ɗaukarta.

Kalmar ta iso gida da azahar. Kafin la'asar uwar Kanza, Hajja Batul, ta iso da jakarta, kamar an aika mata mota.

"Mu dai a zuriyarmu ba a taɓa jin sunan cutar nan ba," ta ce, tana gyara zama. "Ko a bakin masu aiki. 'Yan kasuwar alharini ne mu tun kakanni." Tana magana, idonta yana kan hannun da ke riƙe da kofin shayi a can ƙarshen ɗakin.

"Hajja, in hannuna kike nema ga shi nan," in ji Ba Allal. Ya ajiye kofin, ya shimfiɗa duka biyu a kan tebur. "Ba sai kin wahalar da wuyanki ba."

"Allah ya tsare, Sidi Allal! Ni na ce wani abu?"

"Idonki ya ce. Wa ya taɓa ganin ina susa?"

"To ai fatarka ta daɗe da mutuwa. Ina za ka ji ƙaiƙayi?"

Abdulhak, ɗan Ba Allal kuma uban yarinyar, akawu a wani ofishi, ya dawo da yamma ya tarar an riga an yanke hukunci. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ba, kada ka ɗauka zargi ne. Rigakafi ne kawai. Kwana goma, ka ɗan janye hannu daga yarinyar."

"Wa zai sosa mata?"

"Ai susar ce ba a so."

"Kai ka gaya mata. Da Faransanci. Wataƙila ta fi ji."

Kowa aka ce a shafa wa man. Kanza ta taɓa a bayan hannu ta ce warinsa yana tayar mata da zuciya. Abdulhak ya ce ba zai shiga ofis yana warin farar wuta ba. Hajja ta ce ita baƙuwa ce. Mutum biyu suka sha man daga wuya har ƙafa: tsoho da jaririya. Aka tafasa jallabiyarsa ta ulu har ta koma daidai yaro ɗan shekara goma sha biyu. Ya saka ta haka, ƙwauri a waje, ya tafi masallaci. Da limamin lungu ya tambaya, ya ce masa shi ne ya ƙara tsawo.

Ranar Juma'a aka ajiye babban kwanon kuskus a tsakiya, kabewa da nama a sama, kowa ya matso. Ba Allal ya naɗe hannun riga. Kanza ta riga shi: ta turo masa ɗan faranti daban, da cokali a gefe.

"Naka ne, Sidi. Na zaɓa maka wajen mai laushi."

Ya dubi cokalin kamar an miƙo masa allurar ɗinki.

"Da wannan me ake yi?"

"Ba, a Turai kowa da farantinsa yake ci," in ji Abdulhak. "Ya fi tsabta."

"Shi ya sa kuka haɗu ku uku a kwano ɗaya, kuka bar ni ni kaɗai na tafi Turai."

Ba wanda ya yi dariya, sai Zuhur da ke kan tabarma, ita ma ba ta san dalili ba.

Kwana goma da cika, ƙurajen suka bushe. Fatar ta saɓule, sabuwa ta fito sumul. Yarinya ta yi barci, lungu ya huta. Hajja Batul ta yi guɗa a tsakar gida.

"Kun gani? Daga janye hannu! Ni ba likita ba ce, amma Allah ya ba ni ido."

Ba Allal ya ce tunda ta warke a miƙo masa ita. Aka ce a ƙara mako biyu, don a tabbatar. Ya haƙura. Yana zaune nesa da ita taku huɗu, tana miƙo masa hannu, yana yi mata kukan tattabara da baki. In ta rarrafo wajensa, sai Kanza ta zo ta ɗauke ta, tana cewa lokacin wanka ya yi. A makon nan Zuhur ta yi wankan da ya ishi yara uku.

Mako uku bayan haka ƙurajen suka dawo, a wurarensu na da, kamar masu haya.

Aka zauna shari'a. Hajja ce alƙali.

"Wa ya taɓa ta?"

Da Ba Allal ya yi shiru, da an wuce. Amma mutumin bai iya ƙarya ba, kuma bai ga abin kunya a ciki ba.

"Ni ne. Ranar Talata. Ta kama kujera za ta tashi, ta tafi da baya. Na tare kanta."

"Ka ji ko!" in ji Kanza, ta dafe ƙirji. "Sidi, me muka yi maka?"

"Da na bar ta ta fasa kai a kan tayil, da ba ta yi ƙuraje ba ke nan?"

"Da ka kira ni."

"Kina kan waya, 'yata. Da ni da ita mun kira, ba ki ɗauka ba."

Hajja ta ce ba hannun ne kaɗai ba. Ta ce a duba sama. A saman soron gidan Ba Allal yana da tattabaru goma sha huɗu. Tun yana aiki yake kiwonsu, don da kashinsu ake tausasa fata a majema, kuma har yanzu tsofaffin abokan aikinsa suna aiko buhu. Yana zuba musu hatsi da safe, yana kiran kowacce da suna.

"Daga ƙazanta zuwa hannu, daga hannu zuwa jaririya," in ji Hajja, tana nuna matakan da yatsa. "Sai makaho ne ba zai gani ba."

Abdulhak ya jira tsohon ya tafi gidan wanka, ya kira wani mai tsuntsaye daga bakin ƙofar gari ya kwashe su a keji. Da Ba Allal ya dawo, ya tarar akurkin fayau, an wanke soron da ruwan magani, an kuma hau da katifarsa ɗan ɗakin da ake ajiye gawayi.

"Sama ta fi iska, Ba. Ga rana, ga kallon gari. Mutane biya suke yi su zauna a irin wurin nan."

"To kai ka hau, ba zan karɓi ko dirhami ba."

"Na ɗan lokaci ne."

"Ɗakin da ka fitar da ni, a cikinsa aka haife ka."

Abdulhak ya cire tabarau ya goge.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Ba Allal yana zaune a bakin ɗakin gawayi ya ji fiffike. Guda ɗaya ta sauka a kan katanga. Sai biyu. Kafin azahar goma sha ɗaya sun dawo, suna yawo a soron kamar ba abin da ya faru. Ya yi dariya har ya yi tari.

"Sannunku da hanya! A gidan nan ku kaɗai kuka san inda nake."

Dariyar ce ta tona su. Kanza ta leƙo, ta koma, ta kira uwarta.

Ranar Lahadi gidan ya cika da ƙamshin kirfa da soyayyar gyaɗar almon. Da rana aka hau masa da farantinsa. Yankin bastila ne, gashin ɓawon fulawa mai nama a ciki, ɓawon ya gasu ja, an barbaɗa sukari a kai. Irin abincin da ba a yi sai ranar biki. Ya ɗaga ɓawon da ɗan yatsa, ya dubi naman. Ya dubi akurki, babu tattabara ko ɗaya.

Ya tako har bakin matakala, ya ɗaga murya.

"Kanza!"

"Na'am, Sidi."

"Su ne masu cutar?"

"Ai ba a barin nama ya lalace, Sidi. Almubazzaranci ne."

"Cutar ba ta shiga ta baki ke nan?"

Muryar Hajja ta taso daga ƙasa, baki cike: "Wuta tana kashe komai, Sidi Allal."

"To ku gasa ni mana, in samu in sauko."

Bai ci ba. Ya ajiye farantin a kan katanga, kyanwar maƙwabta ta yi walima.

Ƙurajen suka sake bushewa a kwanakinsu, aka ce albarkar raba gidan da tsuntsaye ce. Yanzu ko taku huɗun ma babu. In zai fita, sai a shige da yarinyar ɗaki har ya wuce. Abincinsa a mataki na uku ake ajiyewa, ya sauko ya ɗauka. Akwai tagar ƙarfe a tsakiyar soron, wadda haske ke bi ya sauka tsakar gida. Nan yake durƙusawa, da gwiwoyin da ruwan majema ya cinye, yana leƙen tsakiyar kanta. Ta nan ya ga ta fara tsayuwa. Ta nan ya ji an ce haƙori ya fito. Ya yi mata kukan tattabara, ta ɗaga kai tana neman inda sautin yake, haske ya kashe mata ido, ta koma wasanta.

Ya ƙirga kwana ashirin da shida bai taɓa ko gefen rigarta ba. A na ashirin da bakwai ya ji ihun da ya sani. Ya leƙa. Tana kwance tana murza ƙafa da ƙafa.

Ya sauko matakalar gaba ɗaya, ba tare da neman izini ba.

"To, Hajja mai ido. Tattabaru suna cikinki. Ni ina sama. Yau kuma wa?"

Hajja ba ta ko ƙifta ba. "Abin ya shiga bango. Shekara nawa kana shigowa gidan nan da ƙurar fata? Iskar da ke saukowa ta tagar nan ma daga wajenka take."

Da yamma Abdulhak ya hau soro, karo na farko tun da aka hau da katifa. Ya tsaya nesa.

"Ba, na yi magana da yayata. Ta ce ka zo wurinta a garin Safru ka huta. Ga ruwa mai sanyi, ga itatuwa. Wata uku, huɗu. Kafin nan mun yi wa gidan fenti."

"Ka gaya mata dalili?"

"Na ce kana bukatar canjin iska."

"Ta ce in taho da farantina?"

Washegari Ba Allal ya sa guntuwar jallabiyarsa, ya fita daga tsohon gari, ya hau bas. Ya tambayi mutum huɗu kafin ya sami asibitin fata. Ya zauna a layi tun safe har rana ta take. Da aka kira shi, ya tarar da likita mace, wadda ba ta kai 'yarsa a shekaru ba. Bai zauna ba. Ya shimfiɗa hannuwansa a kan teburinta.

"Duba min, 'yata. An ce akwai dabbobi a ciki."

Ta duba tsakanin yatsu, ta duba wuyan hannu, ta sa ya ɗaga riga. Ta kankari fata kaɗan ta sa a madubinta na duba ƙwayoyin cuta.

"Baba, majemi ne kai?"

"Warin bai tafi ba?"

"Kakana ma shi ne. Babu komai a hannun nan sai aiki. Wa ya ce kana da ƙazuwa?"

Ya ba ta labari, gajere. Inda ƙurajen suke fita, kwana nawa suke yi, kwana nawa suke tafiya. Ta tambaya ko akwai mai susa a gidan. Ya ce babu, sai mai surutu. Ta ce ba za ta yanke magana a kan yarinyar da ba ta gani ba, a kawo ta. Ta rubuta takarda, ta gaya masa abin da ta rubuta kalma bayan kalma.

Ya kai takardar gida, ya miƙa wa ɗansa a gaban matan. Abdulhak ya karɓa da bakin yatsa. Ya karanta a zuci. Ya sake karantawa. Ya dubi matarsa, ya dubi surukarsa, ya yi gyaran murya.

"Alhamdu lillahi. Ta ce... ta ce ka samu sauƙi sosai, Ba. Maganin ya yi aiki. Amma a ci gaba da kiyayewa na ɗan lokaci."

"Ka gani!" in ji Hajja.

"Haka ta rubuta?" in ji Ba Allal.

"Kusan haka. Faransancin likitoci yana da wuyar fassara."

"Ta ce ba ni da ita. Ta ce babu alamar na taɓa yin ta. Ta ce a kawo yarinya, kuma a daina shafa mata man nan kafin ta gan ta. Layi uku ne." Ba Allal ya ɗaga yatsu uku rinannu. "Da hannun nan na tura ka makarantar da ka koyi yaren, Abdulhak. Ban san karatun ƙarya ma yana cikin darasi ba."

Ba Allal ya juya wajen matan.

"Gobe da safe za mu tafi, mu duka. Har ke, Hajja. Ki taho da idon."

Suka tafi. Tsohon a kujerar gaba ta tasi, su a baya da yarinya. Likita ta kwantar da Zuhur, ta buɗe tafin ƙafa, ta kankara, ta duba a madubi, ta daɗe. Sannan ta duba jikin yarinyar inda man ya bi, duk ya yi ja ya bushe.

"Sau nawa kuka shafa mata wannan?"

Kanza ta faɗa, a hankali.

"Ku daina daga yau. Ba ƙazuwa ba ce. Wasu ƙuraje ne da kan fito wa jarirai a tafin hannu da ƙafa, ba su da yawa a duniya, shi ya sa ake rikita su. Ba a ɗaukarsu, ba a ba wa wani. Su zo su yi mako ɗaya ko biyu, su tafi, su dawo. Haka za su yi ta yi har ta kai shekara biyu ko uku, sannan su tafi gaba ɗaya. Zan ba ku abin da zai rage mata ƙaiƙayi."

"To me ya kawo su?" in ji Kanza.

"Ba a tabbatar ba. Amma ba mutum ba ne."

"Tsuntsaye fa?"

"Ba tsuntsaye ba ne."

"Bango?"

Likita ta ɗago ta dube ta.

"Ni dama tun farko raina bai kwanta da mai kantin nan ba," in ji Hajja Batul, tana gyara mayafi. "Na faɗa a zuciyata."

"Kowa alheri yake nufi," in ji Abdulhak. "Abin da ya wuce ya wuce. Ko ba haka ba, Ba?"

Ba Allal bai ji shi ba. Idonsa yana kan ƙafar.

Likita ta ɗauki alƙalami. "Ku ba kakanta ya riƙe ta, in rubuta."

Kanza ta ɗan yi jim, sannan ta miƙa. Tsohon ya goge hannunsa a jallabiya, abin da bai taɓa yi ba. Ya karɓe ta. Ta yi nauyi fiye da yadda ya bar ta. Ya zauna, ya ɗora ta a cinya, ya buɗe mata tafin hannunsa.

"Lalla. Ga shi. Goga."

Zuhur ta dubi hannun. Ta dubi gemun, ta dubi fuskar. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa. Ta janye ƙafafunta ta naɗe su a ciki, ta sandare, ta juya baya, ta miƙa hannu biyu wajen uwarta, ta ƙwalla ihun da ya fi na ƙaiƙayi. Ya yi mata kukan tattabara. Ta ƙara.

Kanza ta karɓe ta da sauri. "Ka gani, Sidi, ita ce ba ta so. Ƙiwa take yi kwanan nan, ba ta yarda da baƙi."

Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Likita ta daina rubutu.

Wata biyu ba komai ba ne a wurin mai shekara saba'in. A wurin mai wata tara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na duk abin da ta sani. Cutar da ke ƙafarta ba ta da mai laifi, kuma za ta tafi da kanta. Wadda aka sa mata a gida, mutum uku suka haɗa hannu suka shafa mata, safe da yamma, kowannensu yana cewa don lafiyarta ne. Ba a sayar da maganin wannan a kanti. Daga ɗakin likita har bakin titi, babu wanda bakinsa ya iya ɗaukar kalmar haƙuri. Sun yi maganar fenti, sun yi maganar tsadar tasi.

A bakin titi Abdulhak ya matso kusa da ubansa, kusa fiye da yadda ya matso a wata biyu.

"Kada ka sa a ranka, Ba. Yarinya ce. Za ta saba."

Ba Allal ya dubi jikar, wadda ta leƙo shi ta kan kafaɗar uwarta sannan ta ɓoye fuska.

"Ban sa ba," ya ce. "Yarinya mai kaifin kai ce. Kai sai da ka shekara arba'in kafin ka koyi gudun hannun nan. Ita a wata biyu ta iya."